Katin Sautin Yaya

A gidanmu duk abin da ke da waya ko maɓalli, Yaya ne ke da iko da shi. Ba wai ya karanci harkar ba ne. Aikinsa a ofis kula da ɗakin ajiya ne, ya miƙa wa wannan takarda, ya miƙa wa wancan biro. Amma tun yana yaro ya taɓa kwance agogon bango ya mayar, agogon ya ɗan ci gaba da tafiya kafin ya mutu, shi ke nan Umma ta laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya ɗauki abin da gaske har yau. Fankar falonmu gudu ɗaya take yi saboda shi. Dutsen guga kuwa sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka taɓa shi. Duk da haka, ka kuskura ka ce a kira mai gyara, Umma za ta yi maka wani kallo ta ce ga Injiniya a gida.

Babanmu aikin jirgin ruwa ya yi, yana daɗewa ba ya gida. Lokacin ina rarrafe ya ɗauki muryarsa a kaset ya aiko wa Umma ta hannun wani abokin aikinsa. Ya rasu ban ko shiga makaranta ba. Hotunansa muna da su, amma murya, wannan kaset ɗin ne kaɗai a duniya. Umma ta naɗe shi a ɗankwali ta ajiye a ƙasan akwati, kuma an yi shekaru ba a saurare shi ba, don rikodar gidan ta lalace tuntuni. Ba sai na faɗi wanda ya gyara ta ba.

Wata rana ina tsefe mata kai ta ce mini fuskarsa tana ganinta sarai, amma muryar ta fara ɓace mata. Sai ta yi ta ƙoƙarin tuna yadda yake dariya, ta kasa. Ta faɗa a hankali, kamar tana jin kunyar abin. Ni kuwa ban taɓa riƙe muryar ba ma.

Na ce abu mai sauƙi ne. Maƙwabcinmu mai wanki yana da tsohuwar rikoda, a aro, a kunna kaset ɗin sau ɗaya, in ajiye wayata kusa da sifikar in ɗauka. Tsautsayi ya sa na faɗi haka a gaban Yaya. Ya yi dariya har da buga cinya. Wai wannan aikin waɗanda ba su san komai ba ne, ƙarar fanka da babura da kukan yaran maƙwabta duk za su shiga. Shi zai ja waya daga rikodar kai tsaye zuwa cikin kwamfuta, murya ta shiga tsaf ba ƙura. Na ce to a kai wa masu shagon ɗaukar sauti. Ya ce waɗannan ai sai su ɓatar da shi, ko su musanya mana da na wani. Umma ta ce in bar shi, ai shi ya sani. Ta ɗauki kaset ɗin da ɗankwalinsa ta sa masa a hannu.

Kwamfutar Yaya tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, ofis ɗinsu suka yar ya tsinto. Ba ta magana ba ta ji, sashen sautinta ya mutu tun kafin ta zo gidan. Saboda haka ya shiga kasuwa ya sayo abin da ya kira katin sauti, wani ɗan faranti kore da ake cusawa a cikin akwatin, mai ramuka kala-kala a baya. Ya zaɓi mafi arha a shagon, ya dawo yana yabon kansa, wai masu sayen mai tsada sunan kamfani kawai suke saya. Kwalin kuwa abin kallo ne: hoton walƙiya, hoton wani mutum yana kaɗa jita baki buɗe, ga sifiku jere kamar za a yi taro. Sunan wanda ya ƙera shi ne dai na juya kwalin ta ko'ina ban gani ba. A ciki akwai katin, da wani ɗan ƙaramin faifai, da takardar bayani a ninke. Takardar ita ya fara shimfiɗawa ya zuba kusoshin da ya kwance a kai. Ya ce ta masu koyo ce.

Ranar Asabar da safe aka soma. Ya sa matarsa ta share ɗakin da kwamfutar take, aka kawo wa Umma kujera mai hannu aka ajiye kusa da tebur. Umma har wanka ta yi ta sa kayan fita, ta fesa turare. Ganin haka ya sa na haɗiye abin da ke bakina.

Ya cusa katin, ya kunna. Kwamfutar ta ce ta ga baƙon abu amma ba ta san ko mene ne ba, ta manna masa wata 'yar alama mai ruwan ɗorawa. Yaya ya juyo ya yi mana lacca: wai kowane kati sai da direbansa, wato ɗan shirin da zai gabatar da shi ga kwamfuta, kuma direban yana cikin faifan nan. Aljihun faifai ya ƙi buɗewa, sai da ya zura masa allurar matarsa. Da ya buɗe faifan kuma, sai ga direbobi rututu na katuna iri-iri, kowanne da lamba maimakon suna, ba wanda ya yi kama da abin da ke rubuce a kwali. Mai hankali zai tsaya ya bincika wanne ne nasa. Yaya ya fara daga na sama.

Ya ɗora, ya kashe, ya kunna. Alamar tana nan. Ya cire, ya ɗora na biye. Wannan karon allon ya koma shuɗi gaba ɗaya da rubutu fari, ya ce alama ce mai kyau, kwamfutar ta fara jin katin a jikinta. Ya ɗora na uku, linzamin kwamfutar ya daina motsi. Duk wannan da sauƙi, lokacinsa ne da kwamfutarsa, ya yi ta yi har gobe. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda yake gwaji. Duk direban da ya ɗora, ko alamar ta tafi ko ba ta tafi ba, sai ya sa kaset ɗin Baba a rikodar mai wanki ya danna.

Idan aka soka waya a ramin abin kunne na rikodar, sifikarta shiru take yi, don sautin ya bi waya. To da ya danna a karon farko ya ga allon bai nuna komai ba, sai ya zare wayar don ya tabbatar rikodar na aiki. Nan take ɗakin ya cika da wata murya. Wani mutum ya yi gyaran murya, ya ɗan yi dariya kamar yana jin nauyin na'urar, sannan ya kira Umma da sunan da ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. Umma ta damƙi wuyan hannuna har sai da na ji zafi. Murya ce mai kauri, ba ta sauri. Ya ce yana fata muna lafiya, ya fara tambayar yara, yana cikin faɗin wata kalma Yaya ya mayar da wayar. Ɗif.

Na ce don Allah ya bari mu ji. Ya ce in yi haƙuri, yanzu za mu ji gaba ɗaya da ingancin da kunnena bai taɓa ji ba. Ya mayar da kaset ɗin farko.

Haka aka wuni. Ɗora direba, kashe, kunna, danna kaset, zare waya, Baba ya yi gyaran murya ya kira Umma, a toshe masa baki, a mayar da shi farko. Na tashi na je wurin mai wanki na aro wani kaset na tsofaffin waƙoƙi, na ajiye wa Yaya a gabansa na ce ya riƙa gwadawa da wannan, in abin ya yi sai a sa na Baba. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce shi ba gwaji yake yi ba, gwaji na masu shakka ne, wannan karon ɗauka za a yi. Wallahi kowane karo haka yake faɗa, kuma kowane karo ya yarda da kansa.

Da direbobin faifan suka ƙare ya koma intanet. Ya faɗa wani shafi cike da maɓallan saukewa, kowanne yana ƙyalli, ya zaɓi mafi girma don a ganinsa shi ne na gaske. Abin da ya sauko ba direba ba ne, wani shiri ne da ya buɗe kansa ya sanar da mu cewa kwamfutar tana fama da cututtuka ɗaruruwa. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce dama ya yi zargin haka. Ya ɓata yamma guda yana yaƙi da abin da shi da kansa ya gayyato. Umma tana zaune da kayan fitarta, ta ƙi tashi ko cin abinci, wai kada a gama ba ta nan.

Kafin rana ta faɗi na lura gaisuwar Baba ta canja. Da safe kamar yana tsaye a bakin ƙofa, yanzu kamar yana magana ta cikin bargo. Na buɗe murfin rikodar na shafa ƙarfen da zaren kaset ke gogawa, yatsana ya fito da wani gari mai ruwan ƙasa. Ban san harkar na'ura ba, amma na san da safe babu shi, kuma kalarsa ɗaya da zaren. Na nuna masa. Ya hure wurin da baki ya ce ƙura ce, rikodar mai wanki ce, me nake tsammani. Na juya wurin Umma na ce ta karɓi kayanta. Ta dube ni, ta dubi ɗanta da ke zufa, ta ce kada in karya masa gwiwa, tun safe yake wahala saboda mu. Na fita tsakar gida na zazzaga wa igiyar shanya abin da ban isa in faɗa a ɗaki ba.

Washegari da hantsi, bayan ya zagi kamfanin da ba shi da suna, ya zagi mai shagon, ya zagi wutar lantarki, sai ya buɗe akwatin kwamfutar ya haska katin da fitilar waya. Akwai 'yar lamba a jikin wani baƙin abu a tsakiyar katin. Ya rubuta ta a intanet, ya sami wasu mutane can da suka sha irin wahalarsa, ɗaya daga cikinsu ya ajiye direban da ya dace. Ya ɗora, ya kashe, ya kunna. Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace, kuma kwamfutar da ba ta taɓa cewa uffan ba ta yi 'yar waƙarta ta farkawa ta cikin sifikun da ya jona mata.

Zo ka ga Yaya. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya kira matarsa daga kicin ta zo ta shaida. Ya sake kashewa ya kunna don mu ƙara jin waƙar. Umma baki har kunne, tana ta sa masa albarka. Ni ma, ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina, na ce ko banza wahalar kaset ɗin ta zo ƙarshe.

Ya soka wayar a rikoda, ya soka ɗaya bakin a ramin katin, ya buɗe shirin ɗaukar sauti, ya danna jan maɓalli, ya danna kaset.

"To, kun gani?" in ji shi.

A allon wasu korayen sanduna suka fara tsalle, suna hawa suna sauka. Ya ce ga Baba nan yana shiga. Ɗakin ba a jin komai daga rikodar sai ɗan kukan juyawar kaset, don haka Yaya ya ga ya dace ya cike gurbin. Ya ba mu tarihin yadda ya gano lambar. Ya bayyana mana bambancin masu ilimin takarda da masu ilimin hannu. Ya faɗi abin da zai gaya wa mai shagon, da abin da mai shagon zai ce, da amsar da zai ba shi. Ya ce yana tunanin buɗe wurin mayar da kaset cikin kwamfuta, don mutane da yawa suna da irin wannan matsala ba su da irinsa a gida. Ya kawo maganar wayata da na so ajiyewa kusa da sifika, ya kwaikwayi muryata, matarsa ta yi dariyar dole.

Umma ba ta jin ko ɗaya. Ta matso da kujera, idonta a kan sandunan, hannunta a ƙirji.

"Yana magana?" ta tambaya.

"Yana magana, Umma. Ba ki ga yadda suke tashi ba? Ai Baba akwai murya."

Da ya tsaya shan ruwa sandunan suka kwanta. Ya ajiye kofin ya ce Baba ne ke numfasawa, ga shi nan ya ci gaba. Kuma suka ci gaba. Na ce ya tsayar mu saurari kaɗan mu tabbatar. Ya ce ba a katse ɗauka a tsakiya, kuma abin da ido ke gani ba ya buƙatar shaida. Gefe ɗaya ya ƙare, ya juya kaset ɗin, ya ɗora daga inda ya tsaya a labarinsa.

Da ɗaya gefen ya ƙare ya adana abin da aka ɗauka, ya sa masa suna Muryar Baba, ya ce bari a mayar da kaset farko a ba Umma kayanta yadda ta bayar. Ya danna. Rikodar ta ɗauki gudu, ta yi wani irin ƙara, ta shaƙe. Da ya buɗe murfin zaren ya fito ya nannaɗe a ƙarafunan ciki, ya cukurkuɗe. Na ce kada ya taɓa, a kawo biro a bi a hankali. Kafin in rufe baki ya ja. Zaren ya miƙe ya zama siriri kamar gashi, garin nan yana zuba a tebur, ya ƙara ja, wani ya sake fitowa. Mai wanki kuma dama ya leƙo tun safe yana tambayar rikodarsa. Yaya ya ce ba zai lalata kayan mutane saboda kaset da ya gama aikinsa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki almakashin matarsa.

Na riƙe masa hannu na ce ya bari mu ji na kwamfutar tukuna. Ya fizge. Ya ce Baba yana ciki, ya fi ƙarfin tsatsa da zafi yanzu, wannan ɓawo ne kawai. Na kalli Umma. Ta runtse ido ta ce in bar shi. Ya datsa, ya ja, ya datsa, ya tsinto guntayen da yatsu yana tarawa a kan takardar bayanin, har rikodar ta fita tas. Ya dunƙule takardar da abin da ke ciki ya ba matarsa ta kai shara.

Sannan ya gyara sifikun suka fuskanci Umma, ya ƙure ƙarar, ya ce kowa ya natsu. Ya danna.

"To, kun gani?" in ji sifikun.

Muryar Yaya ce, tsaf, ba ƙura. Ga ƙarar fankarmu mai gudu ɗaya daga falo a bayanta, ga wani babur da ya wuce. Muryar ta fara ba da tarihin yadda aka gano lambar.

Yaya ya yi 'yar dariya ya ce farkon ne kawai, ya ja gaba. Ilimin takarda da ilimin hannu. Ya ja gaba. Mai shago. Ya ja can kusa da ƙarshe, sai ga shi yana kwaikwayon muryata, matarsa tana dariya. Ya shiga danne-danne, yana buɗe wannan yana rufe wancan, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, har ya isa inda shirin yake nuna ta wace kafa yake saurare. Ba katin ba ne. Wata 'yar kyamara ce da ke maƙale a saman allon tun zuwan kwamfutar gidan, ashe tana da makirufo a jikinta, kuma ita shirin ya zaɓa tun farko. Katin da aka yi kwana biyu ana yi wa hidima yana zaune da direbansa, ba wanda ya ce masa ya ji komai. Sandunan nan da Umma ta zuba wa ido, bakin Yaya suke bi. Da ya iya rufe shi fiye da lokacin shan ruwa da kowa ya gani.

Matarsa ta ruga wurin shara ta dawo da takardar. Na buɗe a cinyata. Guntaye ne a murɗe, wasu sun koɗe har ana ganin haske ta cikinsu. Ba abin da za a liƙa da wani.

Ban yi ihu ba, abin ya wuce nan. Yaya ne ya fara magana, don ba ya iya zama haka. Wai laifin shirin ne, shiri mai hankali ai katin zai zaɓa. Wai kyamarar ma ba shi ya sa ta ba. Wai da mai wanki yana kula da rikodarsa da ba ta ci zaren ba, kuma da ni ban tsaya masa a ka ina ɗaga masa hankali ba da ya duba. Ya ce akwai masana a intanet da ke iya tace sauti, wataƙila wani abu ya ɗan shiga ta ƙasa, zai bincika.

Wannan maganar ta wataƙila wani abu ya shiga ita Umma ta kama. Ta ce a mayar farko a sa mata. Na ce Umma babu komai a ciki, wayar tana soke, rikodar ba ta fitar da sauti ba. Ta ce a sa mata dai. Na mayar na danna. Ta jawo kujerar har gwiwarta na taɓa tebur, ta kara kunnenta a jikin sifikar, ta rufe ido. Can ƙarƙashin surutun, idan ka natsu sosai, ana jin ɗan kukan kaset yana juyawa. Shi take bi. Muka ji muryarta a ciki tana tambaya ko yana magana, muka ji an ce mata yana magana.

Yaya na tsaye a kanta yana ta bayanin irin katin da zai sayo nan gaba, mai suna, wanda ba ya irin wannan shirme. Umma ba ta ɗago ba. A iya sanina ba ta taɓa katse shi ba tun da ta haife shi.

"Injiniya, yi mini shiru," ta ce. "Ina saurare."

Ya yi shiru. Na cikin sifikar kuwa ya ci gaba da bayani.